Tarihin Alois Alzheimer, likitan da ya gano tabon gigin tsufa a ƙwaƙwalwa

Sunansa ya zama sunan cutar da ke damun miliyoyin tsofaffi a duniya, amma shi kansa bai kai tsufa ba. Ya rasu yana da shekaru 51, tun kafin duniya ta fahimci girman abin da ya gano.

A ƙasar Hausa, idan dattijo ya fara manta sunayen 'ya'yansa, ko ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, akan ce gigin tsufa ne ya kama shi, ko kuma a ce ya ruɗe. Mutane da dama na ɗaukar hakan a matsayin abin da tsufa ke zuwa da shi ga kowa. Haka su ma Turawa suka ɗauke shi tsawon ƙarnoni, har zuwa lokacin da wani likita Bajamushe mai suna Alois Alzheimer ya nuna cewar a bayan wannan ruɗewa akwai wata cuta da ke cin ƙwaƙwalwa, wadda ake iya ganin tabonta da ido ta madubin likita.

Haihuwa da karatu

An haifi Alois Alzheimer ne a ranar 14 ga watan Yunin shekara ta 1864 a ƙaramin garin Marktbreit da ke bakin kogin Main a jihar Bavariya, kudancin ƙasar Jamus. Mahaifinsa, Eduard Alzheimer, jami'in shari'a ne mai shaida takardun ciniki da na gado. Ya yi karatun sakandare a garin Aschaffenburg, inda ya kammala a shekara ta 1883, kuma tun a can malamansa suka lura da ƙwazonsa a darussan kimiyya.

Daga nan ya shiga karatun likitanci a jami'o'in Berlin da Tübingen da kuma Würzburg. A shekara ta 1887 ya rubuta kundin digirinsa a kan ƙululun da ke samar da dauɗar kunne. Batu ne da ba shi da wata alaƙa da ƙwaƙwalwa, amma shi ne ya saba masa da zama na sa'o'i a gaban madubin da ke ƙara girman ƙananan halittu, sana'ar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Bayan kammala karatu ya shafe wasu watanni yana rakiyar wata attajira mai taɓin hankali a tafiye-tafiyenta a matsayin likitanta, lamarin da ya karkata hankalinsa ga cututtukan ƙwaƙwalwa.

Asibitin Frankfurt

A watan Disamban shekara ta 1888 Alzheimer ya kama aiki a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Frankfurt, ƙarƙashin shugabancin Emil Sioli. A wancan zamani asibitocin mahaukata a Turai ba su da wani babban bambanci da gidajen kaso. Ana ɗaure majiyyata, a sa musu rigar da ke maƙure hannuwa, a kuma kulle su a ɗakunan kaɗaici. Sioli ya ƙuduri aniyar kawo ƙarshen wannan al'ada, Alzheimer kuma ya zama na hannun damansa. Suka rage ɗauri da tilastawa, suka maye gurbinsu da wankan ruwan ɗumi mai tsawo domin kwantar da hankalin majiyyaci, da barinsa ya zaga cikin lambu, da kuma zama a yi hira da shi.

A shekara ta 1889 wani matashin likita mai suna Franz Nissl ya zo asibitin. Shi dai Nissl ya ƙirƙiro wata dabara ta rina yankakken naman ƙwaƙwalwa ta yadda ƙwayoyin jijiya za su fito fili a ƙarƙashin madubi. Su biyun suka ƙulla abota: da rana suna duba marasa lafiya, da dare kuma suna ɗakin gwaji suna nazarin ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu. Manufarsu ita ce su tabbatar da cewar taɓin hankali ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda tarin fuka yake ciwo na huhu.

A shekara ta 1894 Alzheimer ya auri Cecilie Geisenheimer, wata bazawara da mijinta na farko, attajirin mai cinikin lu'ulu'u, ya rasu. Suka haifi 'ya'ya uku: Gertrud da Hans da Maria. Sai dai auren bai yi tsawon rai ba, domin Cecilie ta rasu a farkon shekara ta 1901. Alzheimer bai sake aure ba, ƙanwarsa Elisabeth ce ta dawo gidan ta riƙe yaran. Dukiyar da matar ta bari ita ce ta ba shi damar yin bincike na shekaru ba tare da dogaro da albashi ba.

Matar da ta ɓace wa kanta

A ranar 25 ga watan Nuwamban shekara ta 1901, watanni kaɗan bayan rasuwar matarsa, aka kawo wata mata asibitin mai suna Auguste Deter, mai shekaru 51 da haihuwa, matar wani akawun hukumar jiragen ƙasa. Mijin ya bayyana cewar matsalar ta faro ne da kishi marar dalili, inda ta riƙa zarginsa da neman wata maƙwabciyarsu. Daga baya ta fara kuskure wajen girki, tana ɓoye kayan gida ta manta inda ta ajiye, tana kasa gane ɗakunan gidanta, wani lokaci kuma ta riƙa kururuwa cewar ana son kashe ta.

Washegari Alzheimer ya zauna da ita, ya riƙa yi mata tambayoyi yana rubuta amsoshinta kalma bayan kalma. Da ya tambaye ta sunan mijinta sai ta ba shi nata sunan. Da aka kawo mata abinci ya tambaye ta abin da take ci, sai ta ambaci wani abu dabam. Ya nuna mata alƙalami da makulli da jakar kuɗi ta faɗi sunayensu daidai, amma bayan ɗan lokaci ta manta an nuna mata wani abu. Ya ce ta rubuta sunanta, ta fara ta tsaya a tsakiya, domin ta manta abin da aka ce ta rubuta. A nan ne ta shaida masa cewar ji take kamar ta ɓace wa kanta.

Abin da ya ɗaure wa Alzheimer kai shi ne shekarunta. Likitoci sun saba ganin irin wannan ruɗewa ga masu shekaru 70 ko 80, ko kuma ga waɗanda cutar tunjere ta hau ƙwaƙwalwarsu, wadda ta cika asibitocin mahaukata na Turai a lokacin. Auguste kuwa ba ta tsufa ba, kuma alamominta ba su yi kama da na tunjere ba.

Ƙaura zuwa Munich

Ba da jimawa ba Emil Kraepelin, wanda ake ɗauka a matsayin babban malamin ilimin taɓin hankali na Jamus a zamanin, ya gayyaci Alzheimer zuwa Heidelberg. A shekara ta 1903 ya bi Kraepelin zuwa birnin Munich, inda aka danƙa masa ɗakin binciken ƙwaƙwalwa na sabon asibitin jami'a. Ya shafe shekaru yana wannan aiki ba albashi, har ma yana sayen wasu kayan aikin da kuɗin aljihunsa. A shekara ta 1904 ya gabatar da babban kundinsa a kan yadda tunjere ke lalata ƙwaƙwalwa, wanda ya ba shi izinin koyarwa a jami'a.

Ɗakin binciken nasa ya zama matattarar ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam. Daga cikinsu akwai Friedrich Lewy da Hans Creutzfeldt da Alfons Jakob, waɗanda a yau ake kiran wasu cututtukan ƙwaƙwalwa da sunayensu. Akwai kuma wani ɗan Afirka ta Yamma, Solomon Carter Fuller, wanda aka haifa a birnin Monrovia na Laberiya a shekara ta 1872, jikan wani bawa da ya fanshi kansa a Amurka ya koma Afirka. Fuller ya yi aiki tare da Alzheimer a tsakanin 1904 da 1905, daga bisani ya koma Amurka, inda a shekara ta 1912 ya wallafa cikakken nazari a kan cutar da harshen Ingilishi. Ya rasu a shekara ta 1953.

Duk da wannan ƙaura, Alzheimer bai manta da Auguste ba. Ya ci gaba da bibiyar halin da take ciki. A Frankfurt kuwa jikinta ya yi ta tsananta: ta daina magana, ta kwanta a naɗe a kan gado, ba ta iya riƙe fitsari da bayan gida. Ta rasu a ranar 8 ga watan Afrilun shekara ta 1906, tana da shekaru 55, sakamakon gubar da ta shiga jininta daga gyambon da doguwar kwanciya ta haifar mata. Sioli ya aika wa Alzheimer ƙwaƙwalwarta da takardun jinyarta zuwa Munich.

Abin da madubi ya nuna

Alzheimer da mataimakansa biyu 'yan Italiya, Gaetano Perusini da Francesco Bonfiglio, suka yayyanka ƙwaƙwalwar siriri-siriri, suka rina ta da ruwan azurfa bisa wata sabuwar dabara da Max Bielschowsky ya fito da ita. Da farko sun lura cewar ƙwaƙwalwar ta motse. A ƙarƙashin madubi kuma suka ga abubuwa biyu. Na farko, wasu dunƙule-dunƙule kamar ƙwayar gero sun bazu a tsakanin ƙwayoyin jijiya. Na biyu, a cikin ƙwayoyin kansu akwai wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe kamar zaren da ya sarƙe a hannun masaƙi, har a wasu wuraren ƙwayar ta mutu ta bar tarin zaren kawai. Alzheimer ya ƙiyasta cewar tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙwayoyin jijiyar ɓawon ƙwaƙwalwar sun kamu.

A ranar 3 ga watan Nuwamban shekara ta 1906 ya gabatar da sakamakon a gaban taron likitocin taɓin hankali na kudu maso yammacin Jamus karo na 37, a garin Tübingen. Da ya kammala jawabi babu wanda ya yi tambaya, babu wanda ya yi sharhi. Hankalin mahalarta taron ya fi karkata ga muhawarar da ake tafkawa a lokacin game da ra'ayoyin Sigmund Freud. A shekara mai bi aka buga jawabin a wata mujallar likitoci, a 'yan shafuka ƙalilan.

Kraepelin ne ya raɗa wa cutar suna. A bugu na takwas na littafinsa na koyar da ilimin taɓin hankali, wanda ya fito a shekara ta 1910, ya kira ta cutar Alzheimer. Shi kansa mai sunan bai yi gaggawar ikirarin gano sabuwar cuta ba. A shekara ta 1911, lokacin da ya wallafa bayani a kan wani lebura mai suna Johann F. da ya rasu da irin wannan ciwo, ya nuna cewar mai yiwuwa abin da ya gani gigin tsufa ne da aka sani, wanda ya zo da wuri.

Adalcin tarihi ya wajabta a ambaci wani likitan, Oskar Fischer na birnin Prague, wanda a shekara ta 1907 ya bayyana waɗannan dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwar tsofaffi 12 masu gigin tsufa. Sunansa ya nutse, shi kuma ya mutu a shekara ta 1942 a kurkukun 'yan Nazi na Theresienstadt.

Ƙarshen rayuwarsa

A shekara ta 1912 aka naɗa Alzheimer farfesa kuma shugaban asibitin taɓin hankali na jami'ar Breslau, birnin da a yau ake kira Wroclaw a ƙasar Poland. A cikin jirgin ƙasa kan hanyarsa ta zuwa kama aiki ciwo ya kama shi, wanda ya taɓa masa zuciya, kuma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ɓarkewar yaƙin duniya na ɗaya a shekara ta 1914 ta ƙara masa nauyi, domin likitoci da dama sun tafi fagen daga, asibiti kuma ya cika da sojojin da yaƙi ya gigita. Ya rasu a ranar 19 ga watan Disamban shekara ta 1915 sakamakon gazawar zuciya da ƙoda. An binne shi a babbar maƙabartar Frankfurt, kusa da kabarin matarsa. A cikin wannan watan ne kuma ɗalibinsa Perusini ya mutu sakamakon raunin da ya samu a fagen yaƙi.

Bayan mutuwarsa

Fiye da shekaru 50 likitoci suna ɗaukar cutar Alzheimer a matsayin wani baƙon ciwo da ke kama 'yan tsirarun mutane kafin su tsufa. Sai a shekara ta 1968 wasu masana uku a birnin Newcastle na Ingila, Blessed da Tomlinson da Roth, suka nuna cewar yawan dunƙulen da ke ƙwaƙwalwar tsoho na tafiya tare da tsananin ruɗewarsa. A shekara ta 1976 likitan Amurka Robert Katzman ya yi kira da a ɗauki cutar Alzheimer da mafi yawan gigin tsufa a matsayin ciwo guda, kuma ɗaya daga cikin manyan masu kisa. A shekara ta 1984 aka gano sinadarin da ke haɗa dunƙulen, wanda ake kira amiloyid, a 1986 kuma aka tabbatar da cewar sinadarin tau ne ke haɗa sarƙaƙƙen zaren.

Sunan cutar ya ƙara shiga kunnen duniya a shekara ta 1994, lokacin da tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan ya sanar da cewar ya kamu da ita. A wannan shekarar ne kuma aka fara bikin ranar cutar Alzheimer ta duniya, wadda ake yi a kowace ranar 21 ga watan Satumba. A ƙarshen shekara ta 1995 likita Konrad Maurer da abokan aikinsa suka gano ainihin fayil ɗin Auguste Deter a ma'ajiyar asibitin jami'ar Frankfurt, da rubutun hannun Alzheimer da nata. Daga baya aka gano gilasan gwajin ƙwaƙwalwarta a Munich, aka sake duba su da kayan zamani, aka kuma tarar da abin da ya bayyana daidai yake.

Najeriya a cikin labarin

Najeriya ta taka rawa a wannan fanni. A farkon shekarun 1990 Farfesa Benjamin Osuntokun na jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na jami'ar Indiana suka ƙaddamar da wani bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa na Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indianapolis na Amurka, masu shekaru 65 zuwa sama. Sakamakon da aka wallafa a shekara ta 1995 ya nuna cewar kimanin kashi 2 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke da gigin tsufa, alhali a Indianapolis adadin ya kai kimanin kashi 8 cikin 100. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewar ban da gado, abinci da yanayin rayuwa da lafiyar jijiyoyin jini na da tasiri a cutar. A arewa kuma, wani bincike da aka gudanar a Zariya aka wallafa a shekara ta 2011 ya samu kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba suna da matsalar.

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewar a shekara ta 2021 mutane miliyan 57 ne ke fama da gigin tsufa a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Cutar Alzheimer ce ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan adadi. Saura kuwa sun haɗa da wanda toshewa ko fashewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa, kamar yadda akan gani bayan shanyewar ɓarin jiki.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar. Akwai ƙwayoyi irin su donepezil da ke sassauta alamominta na wani lokaci, sannan a shekarun 2023 da 2024 Amurka ta amince da wasu allurai biyu masu share amiloyid, waɗanda ke ɗan rage saurin ciwon, amma suna da tsada da haɗari. To sai dai wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya bayyana a shekara ta 2024 cewar ana iya hana aukuwa ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa ta hanyar magance abubuwa 14, ciki har da hawan jini da ciwon suga da shan taba da raunin ji da na gani da rashin motsa jiki da kaɗaici da ƙarancin ilimi tun ƙuruciya.

Darasi ga gidajenmu

A garuruwa irin su Kaugama da Malam Madori da Auyo da sauran ƙauyukan fadamar kogin Haɗeja, kamar a sauran ƙasar Hausa, a gida ake jinyar tsoho, kuma nauyin yakan faɗa ne a kan mata: 'ya ko suruka ko jika. Wannan zumunci gata ne da tsofaffin Turai da dama suka rasa. Amma inda babu sani, gatan kan juye. Tsohuwar da ke fita yawo da dare tana sambatu akan iya jifanta da maita, dattijon da ke zargin 'ya'yansa da sace masa kuɗi akan ce sammu aka yi masa ko iska ta buge shi, wani ma a kulle shi a ɗaki don gudun abin kunya.

Malamai kan yi nuni da cewar Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya ambaci matakin tsufan da ilimin mutum ke kuɓuce masa, a cikin Suratul Isra'i kuma ya yi umarni da tausasa wa iyaye idan girma ya kama su. Likitoci a nasu ɓangaren na ba da shawarar a kai tsohon da ya fara ruɗewa asibiti da wuri, domin wani lokaci abin da ke damunsa ciwo ne mai magani, kamar zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko ƙarancin sinadaran abinci ko baƙin ciki mai tsanani ko illar wani maganin da yake sha. Idan kuwa ta tabbata gigin tsufa ne, to abin da ya fi amfani shi ne kada a yi musu da shi, kada a sauya masa ɗaki da abubuwan da ya saba da su, a kula da cinsa da shansa, a riƙa juya shi idan ya kwanta don gudun gyambo, a kuma riƙa karɓar mai jinyar domin ita ma ta huta.

Gidan da aka haifi Alzheimer a Marktbreit ya zama gidan tarihi tun a shekarun 1990. Daga cikin abubuwan da aka ajiye a ciki akwai madubin da ya yi aiki da shi.